Ka Sa Tawada, Amma a Ina?

Likita, ɗan zauna kafin ka koma ɗakin aiki. Hannunka a kan na'urar leƙa hanji ba wanda zai kushe shi, kuma kowa ya shaida. Amma Hausawa sun ce in kana da kyau ka ƙara da wanka. Rahotonka na jiya ne ya sa na kira ka. Ka rubuta cewa ka ga ƙari a babban hanji, kuma ka sa alama. Shi ke nan abin da ka rubuta.

To, ɗana, wa ka rubuta wa? Ba kai za ka buɗe cikin mutumin nan ba. Likitan fiɗa ne zai shiga bayan sati biyu ko uku, kuma shi ta bayan hanji yake kallo, kai kuwa ta ciki ka gani. In da kyamara zai yi aikin, ta ƙananan huda, ba shi da yatsun da zai lalubi ƙarin da su. Tabon baƙar tawadar nan ne idonsa. Babban hanji ya kai kusan mita ɗaya da rabi, yana lanƙwasa, yana miƙewa a kan na'ura, don haka santimitar da ka karanta lokacin shiga ba abin dogaro ba ce. In za ka auna, ka auna kana janyowa, bayan na'urar ta miƙe.

Wannan dabara ta sa tawada ba sabuwa ba ce. Tun 1975 Ponsky da King suka bayyana ta a Amurka. Abin da har yau muke sakaci da shi shi ne rubutawa. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin leƙen hanji ta Turai ta fitar a 2017 ta ce a bar aƙalla santimita 3 tsakanin ƙarin da tawadar, ta ɓangaren dubura, a kuma sa a wuri biyu ko uku a kewayen bangon hanjin. Dalili shi ne, in tabo ɗaya ne tak ya faɗa gefen da kitse ya rufe, mai fiɗa ba zai gan shi ba. In kuma ka tsira allurar a gindin ƙarin, wurin zai yi tauri, wanda zai zo ɗaye shi ta na'ura ya sha wahala. Ka fara ɗaga fatar cikin hanjin da ɗan ruwan gishiri, sannan tawada ta bi, kada ta tsallake ta ɓata cikin ciki. Kuma ta gawayi ce mai zama. Shuɗin rini kuwa kwana ɗaya ko biyu ya gudu.

Yanzu ka duba abin da ya ɓace a takardarka. Tabo nawa ka sa? Gaba da ƙarin ko baya da shi? Nisan nawa? Ka ga tsohon tabo da wani ya sa a baya? Wannan na ƙarshe shi ya fi ba ni tsoro, domin tawadar gawayi tana shekaru ba ta goge ba, kuma mai fiɗa zai iya bin tsohon tabo ya yanke lafiyayyen hanji.

Na san ku matasa kuna ganin fom mai gurabe kamar raini ne ga likita. Mu ma da rubutun hannu muka tashi, kowa da salonsa, kuma marasa lafiya ne suka biya kuɗin salon. Gurbin da ke fom yana tambayarka abin da gajiya za ta sa ka manta: girman ƙarin da milimita, siffarsa bisa tsarin Faris na 2002, wurinsa, da hoto mai nuna ƙarin da tabon tare. In kuma ba ka sa tawada ba, misali a farkon babban hanji inda mahaɗar ƙaramin hanji ta isa shaida, ka rubuta cewa ba ka sa ba da dalilinka.

Ɗauki fayil ɗin nan ka cike tun abin yana kanka, sannan ka kira likitan fiɗa ka gaya masa da bakinka kafin a sa ranar aiki.