Waya Tana Hannunsa, Farashi Yana Hannunmu

Jama'a, wata magana ce ta taso bayan sallar La'asar a nan Sabo, har Magariba ba a gama ta ba. Wani ɗan uwa ya tambaya: idan kwandon tumatir ya yi tsada yau da asuba a kasuwar Shasha, mu mun sani, manomi can Kura bai ji ba, ya halatta mu buga masa waya mu saye nasa a farashin jiya?

Da yawa suka ce ai yanzu kowa na da waya, wanda bai sani ba shi ya so. To, a nan muke ganin an yi gaggawa. Gaskiya ne tun 2001 da layukan salula suka shigo ƙasar nan, waya ta kai ƙauyen da kwalta ba ta kai ba. Amma riƙe waya daban, iya ta daban. Ku tuna 2012, Akinwumi Adesina na ministan noma, da aka riƙa turo saƙon takin gwamnati ta waya. Dattijo ne ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami tsaf, amma saƙo ya zo da Turanci, sai ya nemi yaron da zai karanta masa. Caji sai ya biya a shago, sabis sai ya hau tudu. Wannan ne za mu ce shi ya so?

A Islamiyya an karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya hana a tari ayari a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa, har ya ba mai kayan zaɓin fasa cinikin idan ya iso ya ga farashi. Da can sai mutum ya fita bayan gari kafin ya tari ayari. Yau muna zaune a kan benci, da katin ɗari biyu muke tare shi tun yana gona.

Ba mu ce riba haram ce ba fa. Mu ke biyan kuɗin mota, mu ke sallamar masu shinge a hanya, kuma idan tirela ta lalace a Jebba tumatir ya ruɓe, ba wanda ke raba asarar da mu. Wannan ribar guminmu ce. Wadda ke damun mu ita ce wadda ba ta fito daga ko'ina ba sai daga rashin saninsa. Kuma wallahi mu da ke wannan rubutu mun ci irinta, ba sau ɗaya ba.

Wani matashi ya kawo shawara a riƙa tura farashin safe da saƙon murya, da Hausa, ga waɗanda muke saye a hannunsu. Mai ƙaramar waya kuma a kira shi. Wani Alhaji ya ce to idan kasuwa ta faɗi kafin mota ta iso, manomin zai rage mana? Ba mu ba shi amsa ba ladan ya kira salla. Mun ce ranar Juma'a za a ɗora.