Inshora Na Biyan Diyya, Shin Tana Ɗauke Hakki?

Direban da ya taso daga Legas zai je Kumasi sai ya ratsa Binin da Togo kafin ya shiga Gana ta Aflawo. A kowace iyaka doka na sauyawa, a wasu har ma da harshe. In tsautsayi ya sa ya buge wani a Lome, ga jandarma na yi masa Faransanci, ga taro ya kewaye shi, babu ɗan'uwa kusa, me ya rataya a wuyansa?

Ta fuskar kuɗi akwai tanadi. A 1982, a Kwatano, ƙasashen ECOWAS suka amince da katin inshorar nan mai launin ruwan ƙasa. Mai riƙe da shi zai kai rahoto ga hukuma da kuma ofishin katin na ƙasar da haɗarin ya auku, ofishin ya bi kadin biyan wanda aka yi wa ɓarna a madadin kamfanin inshorarsa na gida. Katin bai shafi gyaran motarsa ba, domin wanda ya cutu aka yi shi.

To, a nan ne zuciya kan fara raɗa wa mutum cewa tunda akwai mai biya, shi ya fita. Mu kuwa muna ganin bai fita ba, kuma fiƙihun da muka gada ya riga ya bambance al'amarin. A kisan kuskure, diyya tana kan aƙila, wato dangin mai kisan, su haɗu su biya. Kaffara kuwa, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere, tana kansa shi kaɗai. Ke nan ana iya raba nauyin dukiya tsakanin jama'a, amma akwai wani nauyin da babu mai ɗaukar wa wani. Inshora ta yi kama da aƙila, har masana takaful kan kafa hujja da ita. Tsayawa a taimaki wanda ya ji rauni, da faɗin abin da ya faru yadda ya faru, waɗannan na direba ne.

Wani zai ce ai kamfanonin inshora da kansu kan gargaɗi mutum kada ya amsa laifi a wurin haɗari. Gargaɗin yana da hujja, domin mai firgici ba ya iya yanke hukunci, balle baƙo wanda ko da ido makaho ne. Ba ma cewa ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba, ya nemi tafinta tukuna. Haka nan in ya ji tsoron taro zai far masa, ya nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa. Amma barin hukunci ga masu hukunci daban, rage gudun da yake yi a bakinsa ko ɗora wa mai babur laifin da bai yi ba daban. Na farko hattara ce, na biyu zalunci.

Haƙiƙa baƙunci jarrabawa ce, domin a gida kunyar idon sani ce ke tsare yawancinmu. Wanda ya yi ƙarya a Lome ya ƙetare iyaka, mai yiwuwa ba za a taɓa kama shi ba, sai dai ƙaryarsa na iya hana mai karaya kuɗin magani, ta kuma shafa wa direban da zai biyo bayansa da lambar Nijeriya kashin kaji.