Kyanwa Da Shukar Tsakar Gida: Wa Ke Da Alhaki?

 

Duk wanda ya san Dandume ya san gari ne na hatsi. Da kaka ta kama, sai masara da dawa su cika rumbuna da ɗakunan ajiya, motoci kuma su yi ta lodi zuwa Funtuwa da Zariya da ƙasashen kudu. Inda hatsi ya taru kuwa ɓera ba ya jiran gayyata, shi ya sa magidanta da yawa suke riƙe kyanwa. A cikin waɗannan gidaje ne kuma mata sukan sami tsohuwar tukunya ko kwanon da ya ɓule, su zuba ƙasa da taki, su shuka tattasai ko ɗoɗɗoya ko albasa mai lawashi, waɗansu ma'aikata kuma su jera furannin ado a baranda. To, sai a wayi gari kyanwa ta tattaune ganyen, ko ta tone ƙasar ta yi bayan gida a ciki, shukar da aka yi wata biyu ana ɗebo mata ruwa da rani ta kwanta.

Abin da yakan biyo baya shi ne dalilin wannan magana. Wata ta ɗauki muciya, wata ta watsa tafasasshen ruwa, wani ya kulle dabbar a ɗaki kwana da kwanaki wai don ta horu. Mafi muni shi ne wanda zai barbaɗa maganin ɓera a kan kifi ya ajiye a gindin shukar, musamman idan kyanwar ta maƙwabci ce ko ta abokiyar zama. Shin Shari'a ta yarje wa mutum ya kare dukiyarsa ta wannan hanya?

Babu shakka shuka dukiya ce, ko da tushen tattasai ɗaya ne, kuma mai ita yana da iko ya tsare ta. Ba a ce masa ya zuba ido ba. Amma fa kyanwa ba ta cikin waɗanda aka ɗora wa hukunci. Ba ta san nawa da naka ba, ba ta san sata ba. Likitocin dabbobi sun bayyana cewa ita maciyar nama ce, amma ɗabi'arta ce ta riƙa taunar ɗanyen ganye jefi-jefi, sau da yawa kuma takan yi amai bayan haka ta fitar da abin da ya tsaya mata a ciki, kamar gashin da take haɗiyewa wajen lasar jiki. Tonon ƙasa mai laushi kuwa don ta binne ƙazantarta ne. Watau abin da ake dukanta a kansa halitta ce, horo ba ya cire shi. Mai dukan nan ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Matsayin kyanwa a Musulunci ba ɓoyayye ba ne. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada, Allah ya yarda da shi, ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha ta ƙoshi. Da matar ɗansa Kabsha ta yi mamaki, sai ya gaya mata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a tsakanin mutanen gida. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. A lura, matar nan ba ta ɗauki wuƙa ba, ba ta sa guba ba, ƙofa kawai ta rufe. Ina ga wanda ya ɗauki tafasasshen ruwa? Har ila yau, a cikin dabbobi 5 da aka ba da izinin kashewa ko da a Harami, watau hankaka da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo, babu kyanwa, abokin gabanta ɓera shi ne a ciki.

Saura batun maƙwabtaka, nan kuwa magana take da tsawo, domin a nan ne zumunci yake tsinkewa. Alƙur'ani ya ba da labarin hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata gare su, game da shukar da tumaki suka shiga da dare, a Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da ta 79. A Madina kuma, raƙumar Barra'u ɗan Azibu ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, sai aka hukunta cewa masu lambu su ne da tsaro da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu su ne za su biya. Wannan hukunci ne Ibnu Abi Zaidi, wanda ya rasu a 386, ya kawo a Risala, littafin da ake karantawa a zaurukan malamai a duk ƙasar Hausa. A duka biyun, da ɗan Adam aka yi shari'a, ba a ce a karya ƙafar tunkiya ko raƙuma ba.

Sai dai kyanwa ba akuya ba ce da za a ɗaure a turke da magariba. Katanga ba ta tare ta, kuma da dare take aikin da aka ajiye ta dominsa. Malaman Malikiyya sun yi saɓani a kan irin waɗannan halittu da ba su tsaruwa, kamar tantabara da ƙudan zuma da kaji. Muɗarrifu ya ce a hana mutum ajiye su inda za su cuci shukar jama'a. Asbagu kuwa ya ce ba a hana shi, masu shuka su tsare abinsu. Shafi'awa sun ambaci kyanwa da sunanta, suka ce idan an san ta da ɓarna, mai ita zai biya, dare ko rana. Abin da ya fi kusa da adalci a gida ɗaya ko unguwa ɗaya shi ne, karo na farko a yafe, domin hadisin Anas ya nuna cewa duk abin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. In kuwa abin ya zama kullum, to, a yi wa mai kyanwar magana, shi kuma kada ya ce ai dabba ce ya juya baya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ya ciyar da ita ta ƙoshi, ya biya abin da ta ɓata, ya taya maƙwabcinsa yin shinge.

Hanyoyin tsaron ba su da tsada. A ɗora tukunyar a inda ba ta da wurin tsayawa, ko a rataye ta kamar yadda ake rataye ƙwarya a ragaya. A kifa tsohon kwando da dare, a kewaye da ƙaya, a shimfiɗa manyan tsakuwa a kan ƙasar don ta kasa tonawa. Kyanwa ba ta son warin ɓawon lemo, sai a zuba shi a gindin shukar. Wanda ya shuka mata ɗan alkama a wani kasko dabam, ya kuma tara mata yashi a bayan ɗaki, ya rage rigimar ƙwarai. Amma kada a shuka mata dawa, domin manoma sun san yadda ɗanyen tsiron dawa yake kashe dabba.

Akwai kuma abin da masu kyanwa kansu ba su cika lura da shi ba, watau waɗansu shuke-shuken su ne suke cutar da ita. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, furen nan da ake kira lili kuwa ko kaɗan ta ci yana iya kashe mata ƙoda. Saboda haka nisanta ta daga tukunyar yana cikin hakkinta a kan mai ita.

Gaskiya ne waɗansu malamai sun halatta a kashe kyanwar da cutarwarta ta wuce al'ada, kamar wadda ta saba cinye kaji, idan babu wata dabara da ta rage, da sharaɗin a gaggauta ba tare da azabtarwa ba. Taunar ganyen ɗoɗɗoya bai kai nan ba. Guba kuwa azaba ce mai tsawo, kuma ba ta tambayar wa aka nufa. Kan kifin da aka ajiye a gindin tukunya, kaza tana iya riga kyanwa zuwa gare shi, haka nan jaririn da yake rarrafe a tsakar gida.