Rai Biyu a Jiki Ɗaya

'Yan uwa, a 2018 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja, nan Gwagwalada, sun raba wasu tagwaye da aka haifa manne da juna. Mun yi murna. To amma waɗanda ba su rabuwa fa, saboda zuciyarsu ɗaya ce? Mutum ɗaya ne ko biyu?

Ni dai a ganina biyu ne. Ɗaya na barci, ɗaya na kuka. Kowa da sunansa, da ragon sunansa, kuma kowa hisabinsa daban ranar gobe. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana tura hotonsu a WhatsApp ana cewa "ku zo ku ga abin mamaki". Wallahi 'ya'yan wani ne, uwarsu ma tana da waya.