Haƙƙin Maƙwabci a Inuwar Fankar Lantarki

Ƙatar ta buɗe babbar tasharta ta hasken rana a 2022 can cikin hamada, yamma da Doha, nesa da cunkoson gidaje, alhali fankoki 37 masu samar da lantarki daga iska a Lambar Rimi ta Jihar Katsina suna tsaye ne a tsakiyar ƙasar noma, abin da ke farfaɗo da mas'alar darar, wato cutar da mai dukiya ke jawo wa maƙwabcinsa. Malaman Malikiyya sun hana dutsen niƙan da girgizarsa ke tsaga bangon wani, amma sun sassauta kan raguwar riba kawai. Faɗuwar darajar gida saboda kusancinsa da fankokin ta fi kama da ta biyun, ko da yake wannan ƙiyasin yana da rauni idan gidan ne kaɗai abin da iyali suka mallaka.