Wa Ya Rasu?

A birnin Njamena, da wuya mutum ya ratsa unguwa uku da safe bai tarar da titi guda an tare shi da rumfa ba. An shimfiɗa tabarmi, maza suna zaune a waje, mata suna cikin gida, wani yaro yana zagayawa da butar shayi da ƙananan kofuna. Mai babur yakan rage gudu, mai talla yakan yi shiru har ta wuce. Duk wanda ya gani ya san an yi rashi. Ko baƙo ma yakan tsaya, ya tuɓe takalmi, ya sami gefen tabarma ya zauna. Abin da zai fara fita daga bakinsa kuwa shi ne, "Wa ya rasu?" Sai a faɗa masa suna, da sunan uba, da ciwon da ya kwantar da mamacin, da sa'ar da ya cika. Bayan ya ji wannan duka, sa'an nan zai juya ga masu gida ya ce, "Yaya haƙuri?" Su amsa, "Da godiya."

Mai karatu ya lura da yadda maganar ta jeru. Suna ne a gaba, haƙuri yana biye. Ba wanda ya koyi wannan a makaranta, amma Musulmi da Kirista, Bahaushe da Balarabe da mutumin kudu, duk haka suke yi. To, ga tambaya: idan aka ɓoye sunan, aka ɓoye kabarin, aka ɓoye abin da ya kashe mutum, sa'an nan aka zo aka ce wa danginsa su yi haƙuri, shin wannan haƙuri ne da gaske, ko kuwa wani abu ne dabam ya ari rigarsa? Tambayar ba ta masu ilimi ba ce kaɗai, gama birnin nan ya sha amsa ta da hawaye.

Shi dai garin, a bakin kabari aka haife shi. Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka yi yaƙin Kusuri, a hayin kogi, inda Rabe da kwamandan Faransa mai suna Lamy suka mutu rana ɗaya. Faransawa suka kafa sansani a gaɓar kogin Shari suka sa masa sunan mamacinsu, watau Fort-Lamy. Ta nan alhazan ƙasar Hausa masu tafiya Makka da ƙafa suka riƙa bi, waɗansu suka yada zango har zangon ya zama gida. A 1973 Shugaba Tombalbaye ya sake wa garin suna Njamena, kalmar da ake fassarawa da wurin hutawa. Bayan shekara biyu, a Afrilun 1975, sojoji suka kashe shi a cikin wurin hutawan nan. A Fabrairun 1979 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar gari. Aka yi taron sulhu a Kano, aka yi a Legas, amma a 1980 wuta ta sake tashi, ta yi wajen wata tara tana ci, dubban mutane suka haye kogi zuwa Kusuri da abin da kansu zai iya ɗauka.

Sai dai mutuwar da ta fi barin tabo ita ce wadda ta zo ba ƙarar bindiga. Hissène Habré ya karɓi mulki a Yunin 1982, ya riƙe shi har Disamban 1990. Yana da 'yan sandan ciki da ake kira DDS, masu ɗaukar mutum daga gida ko daga wurin aiki, ba a sake jin ɗuriyarsa. Ɗaya daga cikin gidajen yarinsu wani tafkin iyo ne na zamanin Turawa, aka rufe samansa da kankare, aka yanyanka cikinsa ƙananan ɗakuna. Waɗanda suka mutu a tsare, akan kwashe su zuwa Hamral-Goz, wani fili a bayan gari, a zuba su rami ɗaya. Babu wanka, babu likkafani, babu salla ko addu'a, babu rumfa a ƙofar gida. Matar mutum ba ta san ko ta shiga takaba ko ta ci gaba da ajiye masa tuwo ba. Kwamitin bincike da gwamnati ta kafa bayan faɗuwar Habré, a ƙarƙashin Mahamat Hassan Abakar, ya ba da rahoto a 1992, ya ƙiyasta waɗanda aka kashe sun kai 40,000.

An ce mutuwa rigar kowa ce, gaskiya ne kuwa. Tombalbaye ya sa ta. Idriss Déby, wanda ya kori Habré ya yi shekara 30 a kan mulki, ya sa ta a Afrilun 2021, bayan raunin da ya samu a fagen daga. Habré kansa cutar korona ta ɗauke shi a Dakar ranar 24 ga Agusta na wannan shekara. Amma a duba da kyau. Shi an yi masa salla, an binne shi a maƙabartar Yoff, iyalinsa sun san inda yake kwance. Waɗanda aka zuba a Hamral-Goz fa? Rigar ɗaya ce, amma waɗansu an yi musu fashin abin da ko mafi talaucin mutane yake samu, watau a faɗi sunansa a gaban jama'a a ce ya rasu. Wanda ya yi wannan ya kashe mutum sau biyu.

Akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta. Maganarsu tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa garin da ya rabu bayan yaƙin 1979, har 'yan arewa suka fi yawa a waɗansu unguwanni, 'yan kudu kuma a irin su Moursal da Chagoua, ba ya bukatar a tono masa tsohon gyambo. Wanda ya kama uban wani jiya, yau maƙwabcinsa ne, ɗansa da ɗan mamacin suna aji ɗaya. Idan aka fara lissafi, a ina za a tsaya? Ba kabarin da zai buɗe, ba hawayen da zai komo da wanda ya tafi. Ashe ba gara a yi shiru a zauna lafiya ba? Ai haƙuri maganin zaman duniya ne.

Tsoron nan gaskiya ne, amma ya haɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba ne: haƙuri, da mantuwa, da gafara. Haƙuri shi ne mutum ya ɗauki kayan da aka aza masa ba tare da ya ɗora wa wani mugunta ba. Gafara ita ce wanda aka cuta ya yafe bashin da yake bi, shi kaɗai ke da ikon yin haka, kuma ba a yafe bashin da aka ce ba a taɓa ci ba. Mantuwa kuwa, idan ta dole ce, riba ce ga mai laifi kaɗai. Duk mai jinya ya san gyambon da aka ɗaure ba a wanke ba, a ciki yake ruɓewa. Labarin 'ya'yan Adamu biyu, wanda Kirista da Musulmi duka suka sani, yana koyar da haka. A Littafin Farawa, bayan da Kayinu ya kashe Habila a saura inda ba mai gani, abin da Allah ya fara yi shi ne ya tambaye shi inda ɗan'uwansa yake. Daga baya ya sa masa alama don kada kowa ya kashe shi. Tambaya ta zo, ramuwar gayya kuma aka hana ta. Biyun tare suke tafiya.

Mutanen Njamena sun nuna wannan da ransu. Rose Lokissim soja ce da aka tsare a hannun DDS. A cikin kurkuku ta riƙa rubuta sunayen waɗanda suka mutu da waɗanda ake azabtarwa a guntayen takarda, tana aikawa waje a ɓoye don dangi su sani. Aka gano, aka kashe ta a Mayun 1986. Clément Abaïfouta ɗalibi ne sa'ad da aka kama shi a 1985. Shekara huɗu ya yi a tsare, aikin da aka ba shi kuwa shi ne binne 'yan'uwansa fursunoni. Ya fito da hanyar Hamral-Goz a kansa, daga baya ya nuna wa duniya wurin. Souleymane Guengueng akanta ne a Hukumar Kula da Tafkin Chadi, aka kama shi a 1988. Yana ganin mutane suna mutuwa kewaye da shi, sai ya yi wa Allah alkawari, in ya fita da rai ba zai yi shiru ba. Da ƙofofin suka buɗe a Disamban 1990, bai nemi bindiga ba. Ya ɗauki takarda da alƙalami, irin kayan aikinsa na dā, ya bi gida gida yana rubuta suna, da ranar kamu, da abin da ya faru, har ya tara bayanan mutum 792, ya ɓoye su shekaru.

A shekarar 2000 suka kai ƙara Dakar, inda Habré yake gudun hijira. Shari'ar ta yi ta faɗuwa tana tashi. A 2001 aka jefa wa lauyarsu Jacqueline Moudeina gurneti a Njamena, ta ji rauni, ba ta janye ba. A wannan shekara ce kuma masu bincike na ƙungiyar Human Rights Watch suka shiga tsohon ofishin DDS, suka tarar da takardu zube a ƙasa cikin ƙura. A ciki akwai sunayen mutum 1,208 da suka mutu a tsare, rubuce da hannun masu tsaron kansu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A Yulin 2015 aka soma shari'a a wata kotu ta musamman da Tarayyar Afirka da Senegal suka kafa, ranar 30 ga Mayu 2016 kuma aka yanke wa Habré ɗaurin rai da rai. Daga fitowar Guengueng zuwa wannan rana, shekara 25 ke nan da 'yan watanni. In ana neman wanda ya dafa dutse, ga shi nan. Haƙurinsa bai hana shi magana ba, maganarsa kuma ba ta zubar da jinin kowa ba.

Kada a ɗauka kome ya gyaru. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce a biya mutum 7,396 diyyar kuɗin sefa biliyan 82. Kotun Chadi ma a 2015 ta ɗaure tsofaffin jami'an DDS 20, ta kuma umarta a gina wurin tunawa da mamatan, a mai da ofishin DDS gidan tarihi. Har Habré ya mutu ba a yi ba, da yawa daga cikin masu jiran diyya kuma suka riga shi tafiya hannu wofi. Tsohuwar tambayar ma ta sake dawowa. Ranar 20 ga Oktoba 2022 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga a Njamena da waɗansu garuruwan kudu. Da fari gwamnati ta ce wajen mutum 50 suka mutu, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ƙidaya 128. A Nuwamban 2023 aka yi dokar afuwa a kan abin da ya faru. Tsakanin 50 da 128 akwai mutum 78, kowannensu yana da uwa. Doka tana iya rufe ƙofar kotu, amma ba ta iya amsa wa uwa tambayarta.

Me wannan yake nufi ga talaka wanda ba alƙali ba, ba lauya ba? Abin da yake hannunsa ƙarami ne, amma ba banza ba ne. Idan ɗan ci-rani ya faɗi a kasuwa, a nemi sunansa da garinsu kafin a rufe shi, a aika wa mutanensa. Idan ambaliya irin ta 2022, wadda ta cinye gidaje a Walia da kewaye, ta tafi da wani, kada ya zama lamba kawai a bakin rediyo. Idan tsohuwa ta fara ba da labarin ɗanta da aka ɗauka da dare shekara arba'in da suka wuce, kada jikoki su ce mata ta cika maimaici. Su zauna, su ji, su rubuta sunan a bayan littafi. Wanda kuma ya san hannunsa ba tsabta, ya tuna cewa akwai gidan da har yau yake jiran kalma ɗaya daga bakinsa, kuma kwanakinsa shi ma ƙidayayyu ne. Mai yiwuwa a yafe masa. Amma ba zai sani ba sai ya je ya faɗa.

Kowa yana da ranar da za a kafa masa rumfa a ƙofar gida. Babu wanda zai ji abin da za a faɗa a kan tabarman nan, ko sarki ne ko mai tura ruwa. Abin da mutum yake fata shi ne wani mai wucewa ya tsaya ya tambaya, a kuma sami mai amsawa da gaskiya ba tare da waiwaye ba. Wanda yake so a yi masa haka, sai ya fara yi wa waɗanda suka riga shi. A faɗi sunan tukuna, sa'an nan a ce, "Yaya haƙuri?"