Shin Yawan Jama'a Shi Ne Al'umma?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ƙawata sama da taurari, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa musulmi, mukan yi alfahari da cikar sahu da yawan taro. To, shin da yawa ake auna al'umma? Mu ɗaga kai mu nemi darasi a sama.

Masana ilimin falaki sun bambanta gungun taurari da majarra. Misalin gungu shi ne Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya: taurari ne sama da 1,000 da aka haifa tare, amma abin da ke riƙe da su mai rauni ne, wata rana za su watse. Majarra kuwa ita ce irin wadda Abdurrahman as-Sufi ya siffanta da ɗan gajimare a shekara ta 964 Miladiyya, wadda haskenta ke tafiyar shekara miliyan 2.5 kafin ya iso gare mu.

Da dai an ɗauka yawa ne ke raba su. Sai ga Omega Centauri mai taurari wajen miliyan 10 ana kiransa gungu, alhali Segue 1 mai taurari kimanin 1,000 ana lissafa ta majarra. Dalili kuwa, taurarinta na gudun da ya isa ya tarwatsa su, amma ba su tarwatse ba. Lalle akwai wani nauyi ɓoyayye da ke riƙe da su. A kan wannan ne masana biyu, Willman da Strader, suka gina ma'anar majarra a shekara ta 2012.

Haka lamarinmu yake. Kasuwa takan cika ta batse, da magariba kowa ya kama gabansa. Al'umma kuwa ikhlasi da amana ne ke riƙe da ita, ido ba ya ganinsu.

Wani zai ce: zukata Allah kaɗai ya san su, yaya za mu auna? Gaskiya ne. Amma masanan nan ma ba su ga nauyin ba, daga motsin taurari suka gane shi. Mu ma mu dubi motsinmu: ranar da saɓani ya taso a masallaci, ko yunwa ta shiga gidan maƙwabci, muna nan tare ko mun watse?

Allah ya haɗa zukatanmu a kan gaskiya. Amin.